Gwaggo, na yi fushi da akwati

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo, ina gaishe ki da aiki. Shekarata 29, a Sakkwato nake, na yi digiri amma sana'ar POS nake yi a bakin titi. A 2015 na fara zaɓe. Daga masallacin asuba na wuce layi, ranar da aka faɗi sakamako kuwa har faɗuwa na yi a kan babur wajen murna, tabon yana nan a gwiwata. Da na ga ba ta canja zani ba, a 2019 na yi zamana a gida. A 2023 abokai suka lallashe ni na fita, ga kuma inda muke yau. Yajin aikin ASUU ya ci min kusan shekara biyu, ƙauyen kakannina ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga. Ni dai na rantse ni da akwati har abada, duk kanwar ja ce. Wasu abokaina ma cewa suke gara soja, kamar yadda aka yi a Nijar. Mahaifiyata ta ce in rubuto miki ko za ki iya da ni. Don Allah Gwaggo, me zai sake kai ni layi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka, ka kuma gaishe min da mahaifiyar taka. Wasiƙarka ta kwana uku a kan teburina kafin na ɗauki biro, domin rabin abin da ka faɗa ni ma na faɗe shi a tsakar gidana, ranar da na aika a cika min tukunyar gas da kuɗin da na saba bayarwa, yaro ya dawo min da ita ko rabi ba ta kai ba. Saboda haka ba zan ƙaryata ka ba. Man da ake saye ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 ya haura naira 1,000 a 2024. A 2022 kaɗai wata takwas jami'o'i suka yi a rufe. Kowa ya ce maka fushinka ba shi da dalili, to mai ƙoshi ne.

Amma ka ce kai ɗan Sakkwato ne, ka kuma ce a 2019 zamanka ka yi. Ka san da ƙuri'a nawa aka ci kujerar gwamnan jiharku a shekarar? Aminu Waziri Tambuwal ya samu 512,002, Ahmed Aliyu ya samu 511,660. Tsakaninsu 342 ne. Mutanen da ba su cika ɗaurin auren ɗan kasuwa ɗaya ba. Ban san wanda ka fi so a cikinsu ba, ba kuma na son sani. Abin da nake nuna maka shi ne, ku da kuka zauna a majalisar mai shayi a ranar kuna cewa ai an riga an rubuta sakamako, da layinku da na bayanku kun fita, kun isa ku juya jiha guda, ko ku ƙara wa wanda ya ci tazarar da ba sai an je zagaye na biyu ba. Mu ma a nan Kano a shekarar, bayan zaɓen da aka ce bai kammala ba, ƙasa da ƙuri'a 9,000 ne suka raba gardama, a jihar da kowane ɗaya daga cikin manyan 'yan takarar biyu ya haura miliyan.

Bari in ba ka wani labari da ban cika son bayarwa ba, don babu abin alfahari a cikinsa.

Can baya, kafin zuwan na'urori, mu malaman makaranta ake ɗauka aikin zaɓe. Aka tura ni wata rumfa a bayan gari, aka ajiye min tebur da benci a gindin darbejiya. Sunaye ɗari biyar da 'yan kai ne a rajistata. Daga safe har azahar, waɗanda suka zo ba su cika casa'in ba, yawanci tsofaffi da mata masu goyo. Samarin unguwar suna can ƙofar wani shago suna karta, ina hango su. Na aika yaro ya kira su, suka ce a gaya wa Malama ba su da lokacin wasan yara. Wakilan jam'iyyu aka kira su cin abinci, ba su dawo ba. Wajen la'asar wata fijo ta tsaya, mutum uku suka fito, babbansu da farar shadda da ƙamshin turare. Ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce, “Malama sannu da rana, ragowar takardun nan fa, kada su yi asara.” Na dubi mai tsaron da aka ba mu, na ga ya juya yana kallon bango. Na bar jaririya 'yar wata bakwai a gida. Ban ce uffan ba. A gabana suka zauna a kan bencina, suka buɗe tawada, ɗaya daga cikinsu har da ƙaramin yatsa yake dangwalawa don babban ya gaji. Da magariba rumfata ta ba da ƙuri'a sama da ɗari huɗu da hamsin.

Samarin nan masu karta duk sun yi zaɓe a ranar, ɗana, sai dai ba da yatsunsu ba. Na daɗe ina jin haushin kaina, har yanzu ma ban gama yafe wa kaina ba. Amma na san abu ɗaya: da mutum talatin ne kawai a tsaye a gindin darbejiyar nan, da mai farar shadda ko birki bai taka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kai kuma ka ga kishiyar wannan da idonka. A 2015 a rumfar unguwarmu, yara sa'anninka suka ƙi tafiya har dare. Babu wuta, suka kunna fitilun wayoyinsu, malamin zaɓe na ɗaga takarda suna ƙirgawa da ƙarfi tare da shi, ɗaya, biyu, uku, kamar 'yan aji ɗaya. A kasa, a tsare, a raka, haka ake cewa, haka kuma aka yi. A karon farko a tarihin Najeriya shugaba mai ci ya faɗi zaɓe, Muhammadu Buhari ya samu wajen miliyan 15.4, Goodluck Jonathan wajen miliyan 12.8, har Jonathan ya buga waya ya yi masa murna kafin a gama faɗar sakamako. Ku kuka yi wannan aikin. Za ka ce to me ya biyo baya. Ni ma na yi wannan tambayar. Amma ka duba abin da muka yi da nasarar. Muka ce sak, daga sama har ƙasa, muka dangwala wa mutanen da ko sunansu ba mu sani ba don kawai hotonsu na manne da na mutum ɗaya. Muka ɗauka mai ceto muka zaɓa, muka koma gida muka miƙe ƙafa. Manomin da ya yi shuka ya tafi bai dawo noma ba sai ranar girbi, in ya tarar da ciyawa, gonar ba ta ci amanarsa ita kaɗai ba.

Yanzu abin da aka yi min a gindin darbejiya ya yi wuya. Tun dokar zaɓe ta 2022, na'urar BVAS ke tantance mai zaɓe da yatsa ko da fuska, kuma in ƙuri'un da ke cikin akwati suka fi adadin waɗanda na'ura ta tantance, soke rumfar ake yi. Ban ce an daina maguɗi ba. Duk mun ga yadda sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa IReV, shafin intanet da INEC ke ɗora sakamakon rumfuna, a kan lokaci ranar 25 ga Fabrairun 2023, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Mun ga Adamawa, inda kwamishinan zaɓe ya tashi ya bayyana wadda ta ci zaɓen gwamna ana tsakiyar tattara sakamako, sai da hedikwata ta soke. Amma da yake dangwale ya yi wuya, kasuwar ta koma saye, kuma a nan ne zamanka a gida yake yi musu rana. Kai mai lissafin kuɗi ne, ka lissafa da kanka. Rumfa mai mutum 700, in 150 suka fito, ɗan siyasa 80 yake nema. A naira 2,000 kowane kai, da naira 160,000 ya gama, kuɗin da bai kai na tayoyin motarsa ba. In 550 suka fito, sai ya nemi kusan 300, yawancinsu kuma irinka ne masu taurin kai da za su yi masa tambaya. Ka ninka wannan da rumfuna dubbai a jiha. Duk matashin da ya rantse ba zai fita ba, ragi ya yi wa mai saye. Kana tsammanin sun ji zafin fushinka? Addu'a suke ka daɗe a cikinsa.

A 2023 mutum miliyan 93.4 ne a rajista. Waɗanda suka fita ba su cika miliyan 25 ba, wato wajen kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta tun 1999. Bola Tinubu ya zama shugaban ƙasa da ƙuri'a miliyan 8.79. Ku 'yan shekara 18 zuwa 34 kuwa kun kai miliyan 37 a rajistar nan, kun ninka ƙuri'un wanda ya ci sau huɗu. Ɗan siyasa ba jahili ba ne, yana da littafi, mazaɓa bayan mazaɓa, ya san inda ake fitowa da inda ake surutu a Facebook. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa atamfa da sabulu da taliya wajenmu mata ake kai su? Ba don ana ƙaunarmu ba ne. Mu ke kama layi, shi ya sa ake tuna mu, ko da da abin raini ne.

Maganar kanwar ja, da gaskiyarka har wani wuri. Mutum ya kwana a jam'iyya ɗaya ya tashi a wata, hular kawai yake canjawa. Amma ni na daina neman waliyyi a takardar zaɓe. Wanda nake nema shi ne wanda zai hau kujera yana jin tsoron za a iya sauke shi. Kuma ana saukewa. A maƙwabtanku Zamfara, Dauda Lawal ya kayar da gwamna mai ci, Bello Matawalle, a 2023. A Kebbi gwamna Atiku Bagudu ya nemi kujerar sanata yana kan mulki ya faɗi. A Kano ta Kudu, Kabiru Gaya da ya shekara 16 a majalisar dattawa ya sha kaye a hannun Kawu Sumaila. Ban ce maka waɗanda suka hau sun fi waɗanda suka sauka ba, wannan mutanen wuraren ne za su faɗa. Amma wanda ya hau ta kan faɗuwar wani ya san hanyar da aka bi aka fitar da na gabansa, kuma ya san hanyar ba ta toshe ba.

Ni abin da ya sa ban iya fushi da akwati, mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Matan Kudu sun yi zaɓe tun kafin samun 'yancin kai, matan Arewa kuwa sai a ƙarshen shekarun 1970 aka yarda da su. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan maganar. A 1979 ina 'yar yarinya na raka Inna rumfa, na riƙe mata takalmi a bakin layi don ta ce santsi yake mata. Ta yi lulluɓinta na zuwa biki. Ba ta iya boko ba, amma tun dare ta sa aka zana mata ɗan makulli a ƙasa da tsinke, alamar PRP, tana ta kallo don kada ta ɓata. Dalilinta ɗaya ne. Mahaifinmu ya taɓa yini a rana a tsugune, a gaban 'ya'yansa, saboda kuɗin haraji bai cika ba. Abubakar Rimi na PRP ya hau gwamnan Kano yana da shekara 39, ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Har ta koma ga Allah, Inna cewa take ita ta soke haraji, kuma babu wanda ya isa ya musa mata a gidanmu.

Ka lura da tsawon jiran. An kafa NEPU, jam'iyyar da PRP ta gada, a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, matasa ne suka kafa ta, ta yi zamaninta har soja suka rushe jam'iyyu a 1966 ba ta taɓa kafa gwamnati ba. An ɗaure 'ya'yanta, an kore su daga garuruwansu, an yi musu bulala a bainar jama'a. Shekara 29 tsakanin kafa ta da ranar da almajiran Malam Aminu Kano suka karɓi Kano da Kaduna. Kai zaɓe biyu ka yi, ɗana, ka ce ka gaji.

Abokanka masu kiran soja, ka tambaye su shekarunsu. Wanda aka haifa bayan 1999 bai san abin da yake kira ba. Ni na ga juyin mulkin 31 ga Disambar 1983, mun yi murna. Na ga an soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 da sanarwa ɗaya, babu kotun da ta iya mayar da shi. Na ga Shehu Musa 'Yar'aduwa, janar guda, ya mutu a kurkukun Abakaliki a 1997. 'Yan'uwanmu na Nijar su suka san ɗakinsu da inda yake musu yoyo, ba zan yi musu alƙalanci daga Kano ba. Abin da na sani dai, juyin mulki aka yi a Yulin 2023, a Maris ɗin 2025 aka rantsar da Janar Tiani a kan wa'adin shekara biyar, aka rushe jam'iyyu. In ya yi daidai, sun dace. In bai yi ba, babu ranar da aka ajiye musu ta sallamarsa. Gudun gara kada a faɗa gidan zago.

Yanzu ga abin da nake so ka yi, kuma yawancinsa ba ranar zaɓe ba ne. Ka sauko da idonka daga Abuja. Fadar shugaban ƙasa ta yi maka nisa, amma ɗan majalisar jiha na mazaɓarku da kansilanku a gari ɗaya kuke sallar Juma'a. A unguwarmu taransifoma ta ƙone muka yi wata biyar a duhu. An yi ta zagi a WhatsApp, shiru. Sai wasu samari, masu ɗinki da masu cajin waya da abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, suka sayi littafi mai bango mai kauri suka bi gida gida, suna rubuta sunan duk mai katin zaɓe da rumfarsa. Suka tara sama da ɗari shida. Ba su yi zanga-zanga ba, ba su zagi kowa ba. Mutum goma suka sa manyan kaya suka je gidan wakilinmu, suka ajiye masa littafin a gabansa, suka ce ranka ya daɗe, waɗannan su ke gaishe ka, kuma a duhu suke. An ce ya daɗe yana buɗa shafukan. Ba a yi wata ɗaya ba muka ga mota da sabuwar taransifoma. Mutumin bai canja hali ba, lissafi ya iya.

In kana da zuciyar abin, ka shiga jam'iyya a mazaɓarku, kowacce ta kwanta maka. A zaɓukan baya, masu zama a ofishin mazaɓa su ke zama daliget, daliget kuma su ke dafa mana abincin da muke tararwa a takardar zaɓe muna cewa duk babu na ci. Dokar da Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, ka ga har ka wuce. Na san kuɗin fom ya zama katanga, a 2022 APC naira miliyan 100 ta sayar da na shugaban ƙasa, PDP miliyan 40. Duk da haka Rukayat Shittu ta ci kujerar majalisar jihar Kwara a 2023 tana da shekara 26. In takara ba taka ba ce, ka zama wakilin jam'iyya a rumfa, irin wanda ba a kiransa cin abinci ya tafi. Ka tsaya a ƙirga a gabanka, a cika takardar sakamako ta EC8A, a sa hannu, ka ɗauki hotonta da wayarka kafin ta bar wurin.

Rantsuwar da ka yi kuwa, ka je wajen malaminku ka tambayi yadda ake kaffara, ba ta kai tsadar buhun shinkafa ba. Sannan ka sake rubuto min, ka faɗa min sunan ɗan majalisar jiharku da na kansilanku ba tare da ka tambayi kowa ba. In ka iya, ni zan biya kuɗin katin wayar.

Tambaya: Gwaggo barka da war haka. Ni 'yar shekara 22 ce daga Zariya. A zaɓen da ya wuce an ba mu taliya biyu da naira 2,000, wata mata ta ce sai mun rantse za mu yi nasu, wasu kuma aka ce su ɗauko hoton takardarsu. Na karɓa don a ranar ba mu ɗora tukunya ba. Na yi laifi?

Amsa: 'Yata, ba zan hau mumbari a kan wadda ta kwana da yunwa ba. Amma ki san doka ba ta ware mai karɓa daga mai bayarwa ba, dokar zaɓe ta tanadi tara ko ɗauri ga duka biyun. Ki kuma raba naira 2,000 ɗin nan a kan kwana 1,460 na shekara huɗu, ba ta kai naira ɗaya da rabi a rana ba. Rantsuwa kam kada ki sake yarda, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma sunan Allah ya fi ƙarfin taliya biyu. Hoto kuwa, INEC ta hana shiga wurin dangwale da waya, saboda haka in an matsa miki ki ce malaman zaɓe sun hana, ba ƙarya kika yi ba. Kafin ki fito ki naɗe takardarki da kyau, ki jefa da hannunki, kada ki ɗaga wa kowa ita. Ki ci wani abu kafin ki bar gida, ko ɗumame ne, ki tafi da ruwanki a jarka, layin mata ya fi tsawo.